Maiƙon Jikinmu da Gubar Dalma: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Lokacin muna makarantar nan, malaminmu na ilmin halittu ya zana mana ƙwayar halitta a allo, ya ce bangonta na maiƙo ne. Muka haddace don cin jarrabawa kurum. Ban gane amfanin darasin ba sai a 2010, da gubar dalma ta auka wa ƙauyenmu Tungar Guru, da 'Yargalma da Dareta da Bagega. Yara wajen 400 suka rasu, sanadin niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Ga yadda abin yake. A jikin bangon nan akwai masu karɓar saƙo, tamkar dogarai a ƙofar fada. Da zarar saƙo ya iso, sai a tsaga wani maiƙo na bangon gida biyu. Ɓari guda ya kutsa ciki ya buɗe rumbun kalsiyam. Ɗayan ya tsaya a bango, su haɗu da kalsiyam su tada wani sinadari mai suna PKC, wanda ke da hannu wajen koyo da riƙe karatu.

Gano wannan ya ci shekaru talatin. Lowell Hokin da matarsa Mabel suka fara hango shi a Kanada a 1953. Robert Michell na Birmingham ya danganta shi da kalsiyam a 1975. Yasutomi Nishizuka na Japan ya gano PKC a 1977, sannan Michael Berridge na Cambridge da abokan aikinsa suka tabbatar da aikin ɓarin farko a 1983.

To, ita dalma shigar burtu take yi, ta zo a matsayin kalsiyam. A 1988 masu bincike a Amurka suka nuna cewa 'yar mitsitsiyarta ta isa ta tada PKC. Wannan na cikin hanyoyin da take dagula ƙwaƙwalwar yaro. Maganin da likitocin MSF suka bayar yana rage dalma a jini, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace.

Don haka roƙona biyu ne. Mu ja kunnen danginmu kada a ƙara kawo dutse ko kayan aikin haƙa cikin gida. Sannan ƙungiya ta ware wani abu don yaran da suka rayu, waɗanda yanzu samari ne da 'yammata, karatu na yi wa wasunsu wuya. Kada mu kira su daƙiƙai.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.