Sanƙarau Tsakanin Hunturu da Talauci



Cutar sanƙarau ba ta yi mana zuwan ba-zata. Tana da lokacinta, kamar yadda shuka ke da nata. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya siffanta zirin ƙasashen da take addaba, wanda a yau ake lissafa shi daga Sanagal har Habasha, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Takan kunno kai da hunturu, ta yi ƙamari da bazara, ruwan farko na sauka kuma sai ta lafa.

Ga dalili. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaro suna harkokinsu lafiya lau. Idan iska ta bushe, ƙura ta turnuke, sai fatar cikin hanci da maƙogwaro ta raunana, ƙwayar ta samu kafar shiga jini, ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa. Wannan aikin yanayi ne.

To amma ƙurar da ke sauka a unguwar masu hali ita ce ke sauka a ta talaka. Me ya sa makoki ya fi yawa a ɗaya? Ku dubi makwanci. Ɗaki guda cike da yara, an toshe taga da tsumma saboda sanyi, ga hayaƙin itace. Ku dubi zauren almajirai, da 'yan cin rani masu kwana a cunkushe a rumfunan kasuwa. Mutum ɗaya ya yi tari, kowa ya shaƙa. Sannan idan wuyan yaro ya sanƙare, uban zai fara lissafin kuɗin mota da na allura, ya ce a bari zuwa gobe a gani. Wannan cuta tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Wanda ya tsira ma, sau da yawa da kurumta yake tashi.

A 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya kusan kawar da nau'in A na ƙwayar cutar, kuma araharsa ce ta sa ya isa ƙauye. Sai nau'in C ya taso: Nijar a 2015, Zamfara da maƙwabtanta a 2017, inda aka rasa rayuka sama da 1,000.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar. Alhamdu lillahi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yanzu sai an fara binne yara ake neman magani. Roƙona ga hukumomin lafiya na jihohinmu: rigakafi da allurai su isa asibitocin karkara tun watan Nuwamba, jinyar sanƙarau kuma ta zama kyauta daga hunturu har faɗuwar damina.