CACA CIWO CE: HANNUNKA BA YA RUƁEWA KA YANKE KA YAR

Jawabin da ma'ajin ƙungiya na reshen Dakoro ya yi wa makiyaya a taron bayan damina



Sarakunanmu da shugabannin rugage, malamai, dattawa, iyayenmu mata da samari, ina yi muku barka da zuwa. Na san akwai waɗanda suka kwana biyu bisa hanya kafin su iso nan. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kun saba in na miƙe, maganar burtali ce, ko ta rijiya, ko ta allurar shanu. Yau wata magana ce na zo da ita, wadda kowa ya sani amma ba mai son a ji ta daga bakinsa. Maganar caca ce, da irin riƙon da muke yi wa wanda ta kama. Ni ba likita ba ne, ba malami ba ne, karatuna bai wuce firamare ba. Amma abin ya shiga gidanmu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina da ɗa, ɗan wana, wanda ya tashi a hannuna. Ba zan faɗi sunansa ba, amma da yardarsa nake wannan magana. Yaro ne da ya san kiwo, ba a taɓa kawo ƙararsa a kan ɓarnar gona ba. Wata ranar kasuwa abokansa suka nuna masa yadda ake sa kuɗi a wasan ƙwallo ta wayar salula. Da dala 20 ya fara. Cikin watan farko ya ci jika 40, ya saya wa matarsa zane, ya saya wa uwarsa sukari da shayi, kowa na sa masa albarka. Ba wanda ya tambaye shi inda kuɗin suka fito.

Cikin shekara biyu shanu 7 suka fita daga garke. Wata ya ce ta ɓace, wata ya ce ciwo ya kashe ta a daji, kuɗin bijimi guda kuma ya ce an yanke masa aljihu a kasuwa. Ta ƙarshe ita ce saniyar sadakin matarsa. Ranar da gaskiya ta fito, ku ji abin da ni na yi. A wurin suna, gaban jama'a, na kira shi ɓarawo, na ce ya zubar mana da mutunci, kada ya sake zama tabarma ɗaya da ni. Mutane suka ce na yi daidai. Washegari aka wayi gari ba shi. Wata huɗu muna nema, kafin a same shi ƙetaren iyaka yana dako a tasha, kuma bai daina cacar ba, sai ma abin da ya ƙaru. Da muka zauna ni da shi, ya gaya mini akwai daren da ya tsaya bakin rijiya yana tunanin ya huta da duniya. Jama'a, tun ranar na san maganata ba ta warkar da shi ba, saura kaɗan ta kashe shi.

Wannan ne ya sa na shiga tambaya, kuma ga abin da na samo.

Likitocin duniya sun daɗe da sanin caca tana zama ciwo. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ta cikin littafin cututtukanta tun 1980. A 2013 suka ɗauke ta suka sa ta sahu ɗaya da jarabar giya da ta ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ji ana ce wa OMS, ita ma haka ta yi a sabon kundinta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamomi uku ta bayar. Na ɗaya, mutum ya kasa riƙe kansa, ya ce yau ce ta ƙarshe amma gobe ya koma. Na biyu, caca ta sha gaban komi a rayuwarsa, ta fi iyali, ta fi aiki. Na uku, yana ganin ɓarnar da idonsa amma ya ci gaba. Hukumar ta ƙiyasta a 2024 cewa cikin kowane baligi 1000 a duniya, wajen 12 suna da wannan ciwo, kuma duk mutum guda da cacarsa ta yi tsanani, wajen mutum 6 na kusa da shi suna shan wahalarta. Ku lissafa a rugarku: mata, uwa, uba, 'ya'ya, da wanda ya ba da bashi.

Yaya take kama mutum? Ranar da ya ci, zuciyarsa tana samun wani daɗi mai ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta riƙe shi, ta riƙa nemansa. Ranar da ya faɗi da ɗan kaɗan, sai ya ce saura ƙiris, gobe tawa ce. In asara ta taru, ba riba yake nema ba kuma, so yake ya mai da saniyar da ya sayar kafin a gane. Sai ya sayar da ta biyu don ya fanshi ta farko. Wannan bin asara shi ne ramin da ba ya da ƙasa.

Kuma samari ku saurara da kyau, lissafin ba naku ba ne. A cacar tseren dawaki da ake yi a Faransa muna saye a rumfuna nan, ana tara kuɗin kowa, a cire rabon masu shiryawa da na hukuma tukuna, sannan a raba saura ga waɗanda suka ci. Ke nan abin da ke dawowa hannun jama'a kullum bai kai abin da suka zuba ba. A ta ƙwallo kuwa, ana kwaɗaita muku ku haɗa wasa 10 a takarda ɗaya don kuɗin su yi yawa. Ko da kowane wasa ci ne ko faɗuwa kawai, rabi da rabi, damar ka dace da duka 10 ɗaya ce cikin 1024. Balle ga kunnen doki a tsakani. Wa zai kai bijiminsa kasuwar da sau ɗaya cikin dubu ake biya?

Na san abin da wasu dattawa ke cewa a zuci: wane irin ciwo, ai saɓon Allah ne, shi ya kai kansa. Gaskiya ne, caca haramun ce, ba mai gardama. Alƙur'ani ya ambace ta tare da giya a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Malamai sun gaya mana cacar da Larabawa ke yi a wancan zamani a kan raƙumi ake yin ta: a yanka shi, a raba naman, a zaro kibau, wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin raƙumin. Ashe tun can caca dabba take ci. Cewa da na yi ciwo ce ba ya halatta ta, ba ya yafe wa kowa bashi, ba ya mai da saniyar marainiya ta zama ta banza. Amma ku duba, abin da likitoci suka haɗa wuri ɗaya a 2013, Littafi ya riga ya haɗa su. Da ƙafarsa mutum ke shiga, amma sau da yawa ba ya iya fita shi kaɗai.

To mu yaya muke yi da shi? Muna yi masa dariya a kasuwa. Muna hana shi auren 'ya'yanmu, har ƙannensa su shafu. Muna ce wa matarsa ita ce mai farar ƙafa. In ya zo gaisuwa sai kowa ya dafe aljihu. Mu mutane ne masu kunya, kuma kunya ado ce. Amma a nan kunya ita ke ciyar da ciwon. Yaron da ya san in ya faɗi gaskiya za a tozarta shi, ba zai faɗa ba sai garke ya ƙare. Da ɗana ya iya zuwa wurina bayan saniya ta farko, da shida suna nan.

Ku tuna da farin 1973 da na 1984. Mutane sun wayi gari ba ko maraƙi. Me iyayenmu suka yi? Sun yi haɓɓanaye: a ba mutum aron saniya, ya sha nono, ta haihu ya riƙe 'ya'yan, ya mai da uwar ga mai ita. Da haka gidaje da yawa suka sake miƙewa. Kuma in ciwon huhu ya shiga garke, ba zagin saniya muke yi ba. Ware ta muke yi, mu nemo ma'aikacin dabbobi, mu tsare sauran. Ashe saniya ta fi ɗanmu samun haƙurinmu?

Ga abin da muka yi a gidanmu, kuma nake roƙon mu ɗauka a matsayin shawara.

Na farko, a yi magana da shi a keɓe, mutum biyu ko uku da yake jin nauyinsu. Ban da gaban jama'a, ban da gaban 'ya'yansa.

Na biyu, a zauna a lissafa bashin duka, kowa da abin da yake bi. Kada uwa ta sayar da akuyarta a ɓoye ta biya masa, don wannan buɗe masa hanyar sabon bashi ne. Shi zai biya da guminsa, sannu a hankali.

Na uku, a raba shi da kuɗi na wani lokaci, da yardarsa. Kada ya kai dabba kasuwa shi kaɗai. Dillalai kuma muna roƙonku, in yaro ya zo da saniya yana gaggawar sayarwa a kan kowane farashi, ku nemi jin ta bakin mai garke.

Na huɗu, wayar. A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, amma shagon da ke cikin aljihu ba mai iya sa masa kwaɗo sai mai shi. Ɗana ya ba ni babbar wayarsa, na ba shi ƙarama wadda ba ta shiga intanet.

Na biyar, a tsare dukiyar mata da ta marayu. Saniyar mace tata ce, kuɗin nononta nata ne. Kada a ɗora mata laifi, ita ce ta fi kowa cutuwa.

Na shida, in ya koma, kada a ce shi ke nan. Nawa ya koma sau biyu kafin ya tsaya. A Amurka tun 1957 masu wannan ciwo suka kafa ƙungiyarsu, suna haɗuwa suna gaya wa juna gaskiya ba tare da an fallasa kowa ba. Mu ma muna da inuwar itace da tukunyar shayi, ba abin da zai hana mu.

Na bakwai, kuma shi ya fi kowane nauyi: in kun ji yana cewa gara ya mutu, ko ya daina ci, ya daina barci, kada ku bar shi shi kaɗai ko dare ɗaya. Ku kai shi asibiti ku gaya wa likita gaskiyar abin da ke faruwa.

Hukuma kuma muna kira gare ta, ta sa ido kada a bar yara ƙanana suna caca, kuma a nisanta rumfunan caca daga kasuwannin dabbobi, inda makiyayi ke riƙe da kuɗin shekararsa a yini ɗaya.

Yau wata 14 ke nan ɗana bai sa ko dala a caca ba. Ban ce ya warke ba, kullum muna addu'a. Na ba shi karsana haɓɓanaye, amma a garkena take kwana, shi ke kiwonta. Ɗan farin da ta haifa, matarsa ya ba, a madadin saniyarta. Ni kuma na nemi gafararsa a gaban mutanen da na kunyata shi a gabansu.

Wanda ke da irin wannan a gidansa, ko shi kansa abin ya kama, ya same ni bayan taro. Abin da ya gaya mini ba mai ji. Allah ya tsare mana zuri'a, ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.