TAKI SHI NE RAN ƘASA: JAWABI A TARON SHEKARA NA ƘUNGIYA



An nemi in yi magana a kan filayen da muka baro a gida. Da yawa daga cikinmu mazauna birane mun gaji gona ko kangon lambu, amma duk lokacin da aka tambaye mu sai mu ce ƙasar ta mutu. Da wannan hujja ce wasu suka sayar da gadon iyayensu a kan kuɗin da bai kai shekara a hannunsu ba. Abin da nake so mu gane a yau shi ne, ƙasa gajiya take yi, kuma taki ne ke dawo da ita.

Iyayenmu sun san haka. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, saboda duk rani jakuna na fita daga birni da mangaloli cike da takin juji da na dabbobi. Haka kuma bayan kaka manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara su bar taki.

Takin zamani yana da amfaninsa, amma shuka yake ciyarwa na damina ɗaya. A jigawa ruwa kan wanke shi ya wuce da shi ƙasa, ga kuma tsadar da ya yi tun yaƙin Rasha da Yukiren na 2022. Takin gargajiya kuwa jikin ƙasar yake ginawa. Yana sa yashi ya riƙe danshi, yana sassauta ƙasa mai tauri, yana kuma jawo tana da sauran ƙananan halittu masu raya ta.

Haɗa shi ba wuya. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kada ya wuce mita 1. A shimfiɗa yankakken kara da ƙaiƙayi da busasshen ganye, a bi da kashin shanu ko na awaki, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa. A yi ta maimaitawa hawa-hawa har ramin ya cika, sannan a rufe da ciyawa. Bayan 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi, kuma zafin nan ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. A riƙa juyawa duk mako 2 ko 3. Cikin wata 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, ya daina wari. A kiyaye abu biyu: ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai ya ruɓe tukuna, shara kuma a tsince mata leda da kwalba da tsohon batir.

Ko fako ma yana da magani. Marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna a duniya saboda farfaɗo da fako da ƙananan ramuka. A jihar Tawa ta Nijar ana kiran dabarar tassa. Da rani ake haƙa ramukan, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya ya shige, a shuka gero a ciki.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta kafa ramin taki da lambun gwaji a makarantar firamaren garinmu, domin yara su gani da idonsu. Mu kuma kowa ya ware wani abu daga abin da yake aikawa gida, a sayi amalanken taki a zuba a filinsa kafin bazara. Kada mu sa ran gani a damina ɗaya. Sai an jure shekara 2 ko 3 ana zubawa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.