Awon Haske: Jawabi ga Masu Koyon Ɗaukar Hoto



An nemi in yi magana a kan ɗaukar hoto, ni kuwa zan tsaya a kan abu guda, wato awon haske. Dalilina shi ne zanen shanun nan na mutanen da, da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a nan Birnin Kudu. Tun shekarun 1950 masana suke zuwa kallonsu, amma hotunan da yaranmu ke ɗaukowa, in ka duba, baƙin kogo kawai za ka gani, babu sa babu saniya. Zanen kuwa kullum ƙara dishewa yake yi.

To, kyamara ɗaki ce mai duhu mai taga ɗaya. Abu uku ke hannunka: faɗin tagar, tsawon lokacin da za ta zauna a buɗe, da kuma saurin kama haske na fim, wanda da muke ce wa ASA, yau ake rubuta ISO. Lambobin taga su ne ke rikita ɗan koyo, domin a juye suke tafiya: 16 ƙaramar kafa ce, 4 kuwa babba. Daga 16 zuwa 11, zuwa 8, zuwa 5.6, zuwa 4, kowane mataki ninka hasken yake yi sau biyu.

A tsakar rana, da ISO 100, taga 16 da lokaci 1/125 na daƙiƙa sun wadatar. Amma da zarar ka sunkuya ƙarƙashin dutse, hasken na iya raguwa da mataki huɗu ko biyar. Nan ne matsalar take. Ma'aunin kyamara ba shi da wayo. Duk abin da ya gani so yake ya mai da shi ruwan toka. In ka bar farin sararin sama ya shigo ta gefe, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya tsuke taga, shanu su nutse cikin duhu. Maganinsa, matsa kusa har zanen ya cika fuskar kyamara, ka auna a nan, sannan ka ja da baya. Mai waya ma haka: ya taɓa kan zanen a gilashi kafin ya danna. In lokacin ya fi 1/60 tsawo, hannu zai yi rawa, don haka a ɗora kyamara a kan wani abu.

Mutanen Gwaram, ban manta da ku ba. Farar riga a kasuwar Sara haka take yaudarar ma'auni, rigar ta fito toka-toka, fuskar mai ita ta ɓace; a ƙara mataki ɗaya. Dokin Sallah kuwa in yana sukuwa, sai 1/500.

Abu ɗaya nake roƙo. Akwai masu yayyafa wa zane ruwa wai don launi ya fito. Don Allah a bari, ruwan cin zanen yake yi. A je da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi laushi, a ɗauki hoto uku: ɗaya a kan awo, ɗaya sama da mataki, ɗaya ƙasa.