Jawabi Ga Matan Jam'iyya Na Kazaure, Roni, Gwiwa Da Ɓaɓura Kan Ruwan Sha

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu da na akwatuna. Yau ba maganar anko ko gangami na zo da ita ba. Maganar ruwa ce, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a tura gaba.

Duk ruwan da muke sha a yankin nan, na famfo ne ko na rijiya ko na burtsatse, asalinsa ɗaya: ruwan sama na wata huɗun nan, daga Yuni zuwa Satumba. Wanda ya nutse cikin ƙasa shi muke ja a rijiya. Wanda ya gangara shi ke cika kogin Gari da Dam ɗin Ayuba na Kazaure, wanda aka gina tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ba mu Jigawa a 1991. Daga nan har wata damina, abin da aka tara ake ci.

To, 'yan uwa, ku dubi yadda garin Kazaure yake zaune. Duwatsu a sama, unguwanni a gangare, dam a ƙasa. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk abin da ke cikin kwata sai ya bi hanya: ledar fiya wata, kunzugun yara na zamani, baƙin man kanikawa, ruwan wanki, tokar murhu. Ina za shi? Can ƙasa, inda ruwan yake taruwa. Mai shara ta share ƙofar gidanta tas, ta juye a lambatu, tana ganin ta rabu da ita. Wallahi ba ta rabu da ita ba, aika ta ta yi ta jira ta a gaba. Yashi da shara kuma suna cike cikin dam a hankali, har ya zama a ido ga ruwa shimfiɗe, amma zurfin ya ragu. Ba mu manta da amai da gudawar 2021 ba, da irin yaran da aka kwantar a jihar nan.

A Roni da Gwiwa matsalar ta sha bamban. Ƙasar dutse ce, sau da yawa sai an sha wuya kafin a samu ruwa, wani wurin ma a haƙa a tashi a banza. Ɓaɓura kuwa rairayi ne, yana shanye ruwa da sauri, yana kuma shanye ƙazanta da sauri. Shi ya sa masai kusa da rijiya haɗari ne babba. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka tabbatar ta daina bahaya a fili. Abin alfahari ne, amma ramin da aka haƙa a gindin rijiya yana iya mayar da hannun agogo baya.

Yanzu ga inda siyasa ta shigo. Duk kakar zaɓe, mu mata abin da muke roƙo shi ne sabuwar burtsatse. A zo a haƙa, a yi fenti, mu yi guɗa. Bayan shekara biyu tuƙa-tuƙa ta lalace saboda ƙaramin ƙarfe, ko an sace allon sola, sai mu koma hannun 'yan ga-ruwa. A lissafina, gyaran guda biyar da suka mutu ya fi mana sabuwa ɗaya mai ɗauke da hoton ɗan takara. Haka bututun da ya fashe yana kwarara a titi kwana da kwanaki, alhali unguwar gaba ko ɗigo babu. Wannan ruwa ne da aka kashe kuɗi aka tace.

A cikin gida ma akwai namu. Ruwan ɗauraya ya isa shara da ban ruwan zogale da wanke bayi, ba sai an taɓa na randa ba. Mai rufin kwano ta sa indararo da duro, a bar ruwan farko ya wanke ƙura, na baya a tara don wanki, a rufe saboda sauro.

Abin da nake roƙo kafin zamanmu na gaba: kowace shugabar mata ta mazaɓa ta zaga da ƙafarta, ta rubuto famfo da burtsatse nawa ke aiki, nawa suka tsaya, tun yaushe, da kwatocin da suka toshe. A ɗauki hoto. Za mu haɗa mu kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisarmu, a miƙa na gari ga Hukumar Ruwa ta jiha, na ƙauyuka ga RUWASA. Mu nemi a yashe magudanai kafin ruwan farko, a kuma sa mata a kwamitin kowace burtsatse, har da riƙe asusun gyara. Ko famfon da 'yan wata jam'iyya suka haƙa ne, a rubuto shi, yaranmu ne ke ɗiba a wurin.

Wadda ba ta iya rubutu ba ta turo saƙon murya. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.