Jawabin malamin lakkol a taron ƙungiya: a rubuta gonaki

Iyayena, ƴan'uwa masu ci-rani.

Gonar da mahaifina ya ba da aro, da baki aka yi maganar. Shaidu sun rasu, an tuge gambar iyaka, yau mai aro ya ce gadonsa ce.

Tun 1993 dokar karkara ta amince da mallakar gargajiya. Kwamitin filaye na gari, COFOB, wanda maigari ke shugabanta, shi ke ba da takardar gado, saye, kyauta, aro da jingina. Ku kira maƙwabta su shaida iyaka, a sa hannu, a ajiye kwafi a mairi.

Ku yi shi tun dattawa na raye, kafin ku koma Abijan ko Legas. Wanda bai jin Faransanci ya iske ni lakkol in karanta mashi.

Allah shi ba mu damina mai albarka.