Idan Mota Ta Ƙi Shiga Ribas



Mota mai giyar otomatik tana tafiya gaba lafiya lau, amma da an sa ta a R sai injin ya yi ta gurnani, ita kuwa ko motsi. Sau da yawa abin da mai ita zai fara ji a gareji shi ne a sauke giya ko a sayo ta Beljiyam. Ni dai ban yarda da wannan gaggawar ba.

A fara da man giya. Ribas ya fi yawancin giyoyin gaba buƙatar ƙarfin matsin mai, shi ya sa idan mai ya ragu ko filta ta toshe, a nan matsalar kan fara bayyana. A zaro ma'aunin, a goga a farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne garau. Idan ya yi baƙi, yana ƙauri, har da ɗan ɓurɓushi, to farantan kuloci sun soma cinyewa. A kula, tsofaffin Toyota Camry ana auna su injin na aiki, Honda Accord kuwa sai an kashe shi. Kuma man kowace daban: Honda tana shan DW-1, Toyota T-IV ko WS.

Sai a duba kebul ɗin sandar giya, wataƙila sassautawa kawai ya yi. Daga nan a jona kwamfuta ta duba solinoid.

Direbobi kuma, don Allah ku daina sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Idan ta ƙi shiga, kada a yi ta danna totur, domin ƙona kulocin ake yi, gyaran kuma ya ƙara tsada.